Hawan Raƙuman Teku a Legas: Wasan Gwanaye, da Abin da 'Ya'yan Bakin Kogi Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya tashi a Kakuri, ko Nasarawa, ko Barnawa, ko Kudenda, ba sai an yi masa dogon bayani a kan ruwa ba. Kogin Kaduna ne ya raba garinmu biyu. Ya taso daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa cikin kogin Kwara. Da rani yakan janye har duwatsu su fito fili, yara su yi ta wasa a kansu. Da damina kuwa, musamman a watannin Agusta da Satumba, yakan cika ya batse, kuma waɗanda suka ga ambaliyar 2003 da ta 2012 ba za su manta da ɓarnar da ya yi ba. A bakin wannan kogi ne samarinmu da yawa suka koyi iyo.

To, amma yau waɗannan samari ba a Kaduna kaɗai suke ba. Neman aiki, da aikin soja, da karatu, da bautar ƙasa sun kai da yawansu Legas, tafiyar fiye da kilomita 700 daga gida. Idan Kirsimeti ta zo, ko Ista, ko Sabuwar Shekara, sai ka ga an haɗu ƙungiya-ƙungiya, da 'yan zumuntar matasa da mawaƙa, an nufi bakin teku shan iska. A can ne wasunsu sukan ga abin mamaki: yaro tsaye a kan wani ɗan allo, raƙumin ruwa ya ɗauko shi yana gudu da shi kamar doki. Wanda ya iya iyo a kogi sai zuciyarsa ta ce masa, ai wannan ba wani abu ba ne. Domin irin wannan tunani ne muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wannan wasa, da irin gaɓar da ake yinsa, da dalilin da ya sa wata gaɓar sai gwanaye.

Yadda wasan yake

Mai hawan raƙuman ruwa yakan kwanta rub da ciki a kan allo mai sauƙin nauyi, wanda aka yi da wani irin soso mai tauri aka lulluɓe shi da ɓawo mai santsi. A ƙarƙashin allon akwai ƙayoyi irin na bayan kifi, su ne ke hana shi zamewa gefe. A samansa ana goga kaki domin kada ƙafa ta sulluɓe. Akwai kuma igiyar roba wadda ake ɗaurawa a idon sawu, ɗaya bakin a gindin allon, domin in mutum ya faɗi kada ruwa ya raba shi da allonsa.

Da hannuwansa zai yi ta tuƙi har ya wuce inda raƙuman suke fashewa, ya zauna yana jira. Idan ya hango wanda ya yi masa, sai ya juya ya fuskanci gaɓa, ya tuƙa da iyakar ƙarfinsa har gudunsa ya yi kusa da na ruwan. Da ya ji ruwan ya ɗaga shi, sai ya yi wuf ya miƙe tsaye, ya karkata ya bi gefen raƙumin da bai riga ya fashe ba. Hawa ɗaya sau da yawa bai wuce daƙiƙa goma ba. Sauran lokacin duka tuƙi ne da jira da shan duka daga ruwa.

Ba baƙon abu ba ne a Afirka

Mutane da yawa suna ɗauka wasan Turawa ne. Gaskiya ne cewa daga tsibiran Hawai ne irin wanda ake yi yau ya bazu a duniya. Mutanen jirgin Kyaftin Cook sun rubuta labarinsa a 1779. A ƙarni na 19 ya ja baya ƙwarai, saboda cututtukan da suka rage yawan mutanen tsibiran, da canjin hanyar rayuwa, da kuma rashin amincewar waɗansu 'yan mishan da suka fara isa can a 1820, waɗanda ba su ji daɗin cacar da ake haɗawa da wasan ba. Wani ɗan Hawai mai suna Duke Kahanamoku, wanda ya ci lambar zinariya ta iyo a wasannin Olamfik na 1912, yana cikin waɗanda suka farfaɗo da shi, ya kai shi Amurka da Ostareliya.

Amma mutanen gaɓar Afirka ta Yamma ba su jira kowa ya koya musu ba. Wani Bature mai suna James Edward Alexander, da ya biyo ta Akara a cikin shekarun 1830, ya rubuta cewa ya ga yara suna shiga teku da 'yan alluna a ƙarƙashin cikinsu, suna jiran raƙumin ruwa ya kawo su gaɓa. Masuntan Gana da na Senegal kuwa tun kaka da kakanni suke ratsa raƙuman ruwa da kwalekwale, safe da yamma. Wani shahararren fim na Amurka mai suna The Endless Summer, wanda ya bazu a 1966, ya nuna waɗansu samari biyu suna hawan ruwa a Senegal da Gana da Nijeriya. Wasan ya shiga Olamfik a karo na farko a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, inda Italo Ferreira na Burazil da Carissa Moore ta Amurka suka ci zinariya.

Gaɓa biyu, katanga ɗaya a tsakani

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, amma wurin da ya fi suna a wannan wasa shi ne Tarkwa Bay, a bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas. Ba a zuwa can da mota, sai da jirgin ruwa daga cikin gari.

Hannun mutum ne ya yi wurin. A farkon ƙarni na 20, tun daga wajajen 1908, Turawan mulki suka shiga gina dogayen katangun duwatsu zuwa cikin teku, domin yashi ya daina toshe hanyar manyan jirage. A wannan gaɓa tamu ruwa yana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas. Da katangun suka tare hanya, sai yashi ya taru a gefen yamma, gefen gabas kuma ya rasa. Abin da ya sa ke nan teku ya yi shekaru yana cin Bar Beach, har aka zo aka cike wurin aka fara gina sabuwar unguwar Eko Atlantic. Tsakanin katangun kuwa sai aka sami wani lungu wanda duwatsu suka kāre shi daga ƙarfin teku. Wannan lungu shi ne Tarkwa Bay. A nan ne yaran unguwar suka koyi hawan ruwa, da yawansu a kan gutsattsarin katako da tsofaffin allunan da baƙi suka bar musu, har waɗansu suka zama gwanaye na gaske. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna wurin, bisa dalilin fasa bututun mai da ake yi a yankin, abin da ya tarwatsa iyalai da yawa, har da na waɗannan yara.

Idan mutum ya tsallaka katangar yamma da ƙafa, sai ya fito wata duniya dabam. Nan ce gaɓar Lighthouse, wadda ta sami sunanta daga tsohuwar hasumiyar fitilar da ke nuna wa jirage hanya. Babu abin da ya tsaya tsakaninta da tekun Atilantika. Raƙuman da ke dukanta ba iskar Legas ce ta haife su ba. Guguwa ce da ake yi can nesa a kudancin teku take tayar da su, su yi kwanaki suna tafiyar dubban kilomita, su iso da ƙarfinsu. Sun fi girma da damina. Da hunturu sukan ragu, iskar da ke busowa daga tudu kuma ta gyara musu fuska su yi sumul. Ko a lokacin ma, ba wurin ɗan koyo ba ne.

Abin da ya sa gaɓar yashi take da wuyar sha'ani

Masu wannan wasa sun kasa wuraren hawa kashi uku. Akwai inda ruwa ke fashewa a kan duwatsun ƙarƙashin teku. Akwai inda yake bin gefen wani hancin ƙasa da ya shiga cikin ruwa. Akwai kuma inda yake fashewa a kan tudun yashi, kamar Lighthouse. Mai karatu zai ce ai yashi ya fi dutse sauƙi. A ƙaramar gaɓa mai kwanciya haka ne, shi ya sa a irinta ake koyo. Amma inda ruwa ke da ƙarfi, yashi yana da nasa sharri.

Na farko, dutse yana nan inda yake, gwani ya san daidai inda raƙumi zai tashi da inda zai kwanta. Tudun yashi kuwa yawo yake yi. Inda ƙafa ta taɓa ƙasa a makon jiya, yau rami ne. Masu haƙar yashi a kogin Kaduna sun san yadda gindin ruwa ke canzawa bayan kowace damina. A teku irin wannan canji yana iya faruwa cikin dare ɗaya.

Na biyu, raƙumin ruwa yana fashewa ne idan ya iso inda zurfin bai fi tsayinsa da yawa ba. Idan ƙasa tana tashi sannu a hankali, sai ya farfashe a hankali, ya zama kumfa. Idan kuwa daga zurfi ya ci karo da tudu farat ɗaya, sai ya miƙe tsaye kamar bango, kansa ya tuntsuro gaba, ya bar rami a ciki kamar bututu. Shiga cikin wannan bututu a fito lafiya shi ne babban burin gwanaye. Amma a tuna, ruwan da zai cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi ya kai nauyin tan guda, wato buhun siminti ashirin. Raƙumi mai tsayin mita biyu yana ɗauke da irin wannan akwati masu yawa, kuma a kan ruwan da bai wuce ƙugu ba yake sauke su. Jiƙaƙƙen yashi ba katifa ba ne. Karayar wuya, da ta kafaɗa, da ta gadon baya suna cikin raunukan da aka sani a irin wannan gaɓa, kuma allon kansa yakan karye biyu.

Na uku, raƙuman ba ɗaya-ɗaya suke zuwa daidai wa daida ba. Sukan zo ne ayari-ayari. Teku zai yi shiru na 'yan mintoci har baƙo ya saki jiki ya ƙara matsawa ciki, sai ga manya uku ko biyar a jere. Na farko ya danne shi, kafin ya gama shaƙar iska na biyu ya iso. Ruwan da ya zama kumfa kuma ba ya ɗaukar mutum sama kamar ruwa mai kwanciya, domin rabinsa iska ne.

Ƙoramar da ido ba ya gani

Babban abin da ke cin rayuka a gaɓar yashi shi ne wannan. Duk ruwan da raƙuma suka turo bakin gaɓa dole ne ya koma. Tudun yashi ya tare shi, sai ya nemi wata kafa, ya taru a nan, ya kwarara zuwa cikin teku kamar ƙorama. Faɗinta sau da yawa bai fi na babban titi ba, amma gudunta yakan kai mita biyu a cikin daƙiƙa ɗaya, har ya ɗara. Ko zakaran iyo na duniya ba zai iya yi mata gaba da gaba ba.

Ga inda yaudarar take. Da yake wurin ƙoramar ya fi zurfi, raƙuma ba su cika fashewa a kanta ba. Baƙo zai tsaya ya duba, dama fari fat da kumfa, hagu ma haka, tsakiya kuwa ruwa ya kwanta luf, ya ɗan yi duhu. Sai ya ce wa abokansa, ku zo nan ya fi lafiya. Alhali kuwa bakin ramin ke nan. Gwanayen hawa da gangan suke shiga wannan ƙorama domin ta kai su ciki ba wahala, amma su suna kwance a kan allo, sun kuma san inda za su fita. Wanda ya gan su ya bi su da ƙirji kawai ya ɗauki rabin darasi.

Ƙoramar ba ta jan mutum ƙasa, nesa da gaɓa take kai shi, kuma ƙarfinta yakan mutu da zarar ta wuce inda raƙuma ke fashewa. Tsoro da gajiya ne ke kashewa. Mutum ya ga gaɓa tana nisa, sai ya juya ya yi ta fama kai tsaye, cikin 'yan mintoci hannuwa su mutu. A nan ɗan bakin kogi yana da wani ilimi da zai cece shi in ya tuna da shi. Babu mai hankalin da ke tsallake kogin Kaduna da damina ta hanyar fuskantar ruwa. Yankan gefe ake yi, a bar ruwa ya ɗan tafi da mutum har ya kai gaci. Haka ake yi wa ƙoramar teku. Kada a yi kokawa da ita. A kwanta a kan ruwa a huta, a ɗaga hannu ɗaya a yi kira, in akwai ƙarfi a yi iyo zuwa gefe, wato a bi tsawon gaɓar, har a fita daga cikinta, sa'an nan a nufo tudu tare da raƙuma.

Kafin a kira mutum gwani

Babu wanda ya fara da Lighthouse. Ɗan koyo yakan fara ne da babban allo mai taushi, a cikin kumfar da ba ta wuce ƙugu ba, da mai koyarwa a gefensa. Watanni yakan yi kafin ya iya miƙewa ba faɗuwa, shekaru kuma kafin ya iya karanta ruwa. Gwani yakan zauna a kan yashi ya daɗe yana kallo kafin ya jiƙa ƙafa. Yana ƙidaya raƙuman kowane ayari, yana lura da tazarar da ke tsakaninsu, yana neman inda ƙorama take. Ya san ko teku yana cikowa ne ko yana janyewa, gama sau biyu yake yin haka a kwana ɗaya, kuma wurin da ke da daɗin hawa da safe yana iya zama mugun wuri da azahar. Ya iya nutsar da allonsa ya bi ta ƙarƙashin raƙumi. In ya faɗi ya san ya rufe kansa da hannuwa, ya saki jiki har ruwan ya sake shi. Yana iya komowa gaɓa da iyo in igiyarsa ta tsinke. Ba ya shiga shi kaɗai. Akwai kuma ranar da zai duba ya girgiza kai, ya saɓa allonsa ya koma gida, kuma babu wanda zai kira shi matsoraci.

Duk da haka ruwa yana cin gwani. A duniya akwai gaɓoɓin yashi da suka fi na Legas ƙarfi nesa ba kusa ba, kamar Puerto Escondido a Meksiko, da Hossegor a Faransa, da Nazare a Fotugal, inda wani kwari mai zurfi a ƙarƙashin teku yake tattaro ƙarfin ruwa ya kawo shi bakin gaɓa. A Nazare ne wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau raƙumi mai tsayin mita 26.21 a watan Oktoba na 2020. A nan ne kuma Marcio Freire na Burazil, wanda ya yi shekaru yana hawan manyan raƙuma, ya rasa ransa a watan Janairu na 2023. A Legas ma, tumbatsar teku ta Agusta 2012 a gaɓar Kuramo ta tafi da mutane da dama.

Shawara ga iyaye da shugabannin matasa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a shekarar 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankin Afirka ne abin ya fi shafa. Shi ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin faɗakarwa a kan wannan. Yawancin waɗannan mutuwa ana iya hana su.

Ba mu ce kada a je bakin teku ba, ba mu kuma ce wasan mugun abu ne ba. Wasa ne mai gina jiki da haƙuri, wanda ya ba yara marasa galihu abin yi da hanyar samun abinci. Saurayin da yake sha'awarsa ya nemi masu koyarwa, ya fara daga inda kowa ya fara. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma duk shugaban da zai kwashi 'ya'yan mutane zuwa gaɓa, amana ya ɗauka. Hausawa sun ce in ba ka san gari ba, saurari daka. A tambayi masunta da masu tsaron wurin kafin kowa ya shiga. A zaɓi gaɓar da ke da masu ceto, in an ga jar tuta an kafa a tsaya a tudu. A ƙidaya mutane kafin shiga da bayan fita, a sa manya biyu waɗanda ba su da wani aiki sai kallon ruwa. Wanda ya sha giya kada ya kusanci teku. Kada a juya wa ruwa baya domin ɗaukar hoto, kada kuma a hau duwatsun katanga. In ruwa ya ja wani, kada 'yan'uwansa su faɗa ɗaya bayan ɗaya, gama ta haka ne gawa ɗaya take zama uku. A jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce da aka rufe bakinta, a kira masu ceto da masu kwalekwale.

Wannan shawara ta ƙarshe ba ta Legas kaɗai ba ce. Tana da amfani a bakin kogin Kaduna, da ramukan da masu haƙar yashi suka bari, da kududdufan da ke cika a bayan unguwanninmu kowace damina. Iyaye su zaunar da 'ya'yansu su gaya musu waɗannan abubuwa tun kafin ruwa ya sauko, kuma wanda ɗansa yake shirin tafiya kudu ya haɗa masa da wannan gargaɗi a cikin guzuri.